Jirgin Aro, Fentin Gida

Akwai wani bakanike a wajen Ƙofar Ƙaura da ya fi shekara 15 yana duba mini mota. Mutum ne mai kunne. Tun kana karyo kwana za ka shiga garejin, kafin ka kashe inji, zai ce maka, "Malam, wannan ƙarar ba ta jiya ba ce, ka daɗe kana ɓoye ta." Wata rana lokacin jigilar maniyyata ina zaune a kan benci ina jiran a yi mini juye, sai ga jirgi ya taso daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya ratso ta kanmu da rugugi har kwanon rumfar yana amsawa. Yaran da ke koyon aiki duk suka ɗaga kai. Ƙaraminsu, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Oga, shi kuma wannan in ya lalace wa ke gyara shi?" Ogan ko ɗago kai bai yi daga cikin injin ba, ya ce, "Inji ai inji ne. A sauke mini shi nan ka gani."

Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma tambayar yaron ta biyo ni gida, domin na san amsarta, kuma ba mai daɗi ba ce. Ƙananan gyare-gyare ana yin su a nan ƙasar. Babban duba kuwa, irin wanda ake yi wa jirgin fasinja duk bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a kwance kujeru, a ɗaga daɓen ciki, a leƙa kowane lungu ana neman tsatsa da tsagewa, mafi yawansa a waje ake kai shi: Habasha, Turai, Gabas ta Tsakiya. Jirgi ya tashi ba fasinja ko ɗaya, ya je ya bi layi a rumfar wasu, a biya da dala, ya dawo. Kuɗin nan a tikitinka da nawa ake fanshe shi, da kujerar Hajjin tsohuwar da ta sayar da santa da gonar gado.

Kimanin shekara 100 ke nan muna cikin harkar jirgin sama. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano, kuma su ne na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya. Kakanninmu da ƙafa da jaki suke zuwa Makka, ta Barno da Chadi da Sudan, a yi shekaru a hanya, wasu su yi aure su hayayyafa ba su dawo ba. Yau maniyyaci ya yi sallar asuba a Katsina, ya yi la'asar a Madina. Ni'ima ce babba, ba mai musu. Sai dai a duk shekarun nan matsayinmu bai sauya sosai ba: mu ne fasinjoji, mu ne masu saye, wani lokaci mu ne matuƙa. Kuma a ganina ƙimar ƙasa a wannan fage tana hannun wanda ya iya kwance jirgi ya mayar, ya sa hannu a takarda, duniya ta yarda da sa hannun nasa.

Mu mutanen Katsina mun ɗanɗana abin da rashin wannan hannu yake jawowa, ko da ba mu kira shi da sunansa ba. A 2014, Boko Haram na cin garuruwa, Najeriya ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. Amurka ta hana, domin ƙirarta ne, kuma ba a sayar da su ga wani sai da izininta. Da kuɗinmu a hannu aka ce mana a'a. Daga baya aka shiga cinikin jiragen yaƙi na Super Tucano guda 12 da Amurka. Shi ma ya sha jinkiri, musamman bayan bam ɗin da jirgin sojanmu ya jefa bisa kuskure kan 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017. Aka biya dala miliyan 496 a 2018, rukunin farko bai iso ba sai Yulin 2021. A tsakanin biya da isowa aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Da jiragen suka iso kuma sai aka shiga muhawara a jaridu: shin sharuɗɗan cinikin sun yarda a yi aiki da su a kan 'yan bindigar daji, ko sai a kan waɗanda doka ta kira 'yan ta'adda? Sai a Nuwamban 2021 kotun tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Ka tsaya ka duba wannan. Mutumin Batsari ko Safana yana kwana a daji da iyalinsa, makamin da aka saya da dukiyar ƙasarsa kuma yana jiran a daidaita kalmomi da wanda ya sayar. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar tafiyar muka fita neman duma.

Kada a ɗauka ƙananan ƙasashe kaɗai ake yi wa haka. A 2022 da aka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi, Boeing da Airbus suka daina ba kamfanoninta kayan gyara, ƙasar da ta fara harba tauraron ɗan adam a 1957 ta koma ciro kaya daga wannan jirgi tana sa wa wancan. Sin ta ƙera jirgin fasinjanta C919, ya fara ɗaukar mutane a 2023, amma injinsa na haɗin gwiwar kamfanonin Amurka da Faransa ne. Duk wanda ke riƙe da inji da kayan gyara, yana riƙe da linzamin wanda ya saya. Shi ya sa ake jin maganar wasu ƙasashe a zauren duniya tun kafin su buɗe baki.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin Super Tucano shi ne asalinsa. A Amurka aka harhaɗa namu, amma ƙirar Brazil ce, ta kamfanin Embraer. Brazil ba ta cikin ƙasashen da muke kira Turawan Yamma masu arziki tun kaka da kakanni. Ƙasar kofi ce da rake, ta sha mulkin soja kamar mu, ta sha hauhawar farashin da ya fi namu muni. Amma a 1950 ta kafa makarantar injiniyoyin jirgin sama, wadda ta zauna a wani gari mai suna São José dos Campos, ta yi shekara 19 tana yaye ɗalibai kafin ta kafa kamfanin a 1969. Makaranta aka fara, kamfani ya biyo baya. Kuma jirgin farko da suka yi ba wani abin burgewa ba ne: ƙarami mai farfela biyu, Bandeirante, wanda zai iya sauka a filayen ƙauye. Gwamnati ta yi abin da ya fi komai muhimmanci, ta saya. Sojan sama suka yi odar da yawa, har kamfanin ya samu numfashin koyon aiki da gyara kurakuransa. Aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1994 lokacin da ya kusa durƙushewa, ya farfaɗo. Yau in aka cire Airbus da Boeing, shi ne na uku a jiragen fasinja, kuma kamfanonin Najeriya suna bin layi suna saye.

Mu fa? Kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirgi ta Zariya an kafa ta a 1964. Ta girme wa Embraer da shekara biyar. A shekarun 1990 an harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 60 a Kaduna, Air Beetle, bisa wata ƙirar Amurka, matuƙan sojanmu da yawa a kansu suka fara tashi. Wato akwai lokacin da 'yan ƙasar nan suke buga ƙusa a fiffike, su gwada, jirgi ya tashi. Aka gama 60 ɗin, ba oda ta biyu, ba ƙira ta gaba. Mutanen da suka koyi aikin suka watse, wasu suka tsufa, wasu suka tsallaka. Ilimin hannu ba ya zama a kabad. In ba a yi aiki da shi ba shekara biyar, ya tafi tare da masu shi.

Sai jirage marasa matuƙa. A Disamban 2013 aka nuna na farko da sojan sama suka yi a Kaduna, aka raɗa masa suna Gulma. A Fabrairun 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da na biyu, Tsaigumi, wanda aka yi da taimakon wani kamfanin Fotugal. Wanda ya zaɓi sunayen nan Bahaushe ne na gaske, Allah ya saka masa: jirgin da aikinsa leƙen abin da ke faruwa ya kai labari, me za ka kira shi in ba tsegumi ba? Na ji daɗin sunan, na ji daɗin ranar. Amma da aka tashi sayen jiragen da za a yi yaƙi da su, Sin da Turkiyya aka nufa.

Ita Turkiyyar kuwa, wulaƙanci ne ya tashe ta. Bayan rikicin tsibirin Kubrus na 1974, Amurka ta hana ta makamai daga 1975 zuwa 1978, tana cikin ƙawancen NATO amma jiragenta suna zaune ba kayan gyara. Ta ƙulla abin a ranta. Kamfanin Baykar da ke ƙera Bayraktar TB2, jirgi maras matuƙi da ƙasashe fiye da 30 suka saya, har da maƙwabciyarmu Nijar, ya fara ne a 1984 yana feƙe ƙarfe don kayan mota. Daga kayan mota. Shekara 30 tsakanin wannan shago da tashin TB2 na farko a 2014. Yanzu shugaban Turkiyya in ya zo Afirka ba ya zuwa hannu rabbana, kuma jirage masu saukar ungulu shida na yaƙi da Najeriya ta saya, T129, daga can suke.

Mu namu wulaƙancin na 2014 bai haifar da komai ba sai fushi na mako biyu a rediyo.

To ga kuma abin da muka fi so: fenti. Kamfanin jirgin sama na ƙasa, Nigeria Airways, an kafa shi a 1958, ya mutu a 2003 da bashi a wuya. Tun daga nan kowace gwamnati take mafarkin ta da wani. A Yulin 2018 aka nuna suna da tambarin Nigeria Air a baje kolin jirage na Farnborough a Ingila. Ranar 26 ga Mayun 2023, saura kwana uku gwamnati ta sauka, jirgi ya sauka a Abuja ɗauke da sunan da launin tutarmu. Daga baya aka tabbatar wa majalisa cewa na kamfanin Habasha ne, hayarsa aka yi, ya koma gida. Ba na cikin masu zagi a kan wannan, kuma ministan da ya riƙe ma'aikatar ɗanmu ne na Katsina. Abin da ya dame ni ya wuce mutum ɗaya. Ko da jirgin ya zama namu ɗungurungum, da a Addis Ababa za a riƙa gyara shi. Kamfanin Habasha da ya fara tashi a 1946, da Amurkawan kamfanin jirgin sama na TWA suna riƙe masa hannu, bai tsaya ga sayen jirage ba. Ya gina rumfar gyara, ya gina makarantar matuƙa da kanikawa, ya karɓi ragamar daga hannun baƙi sannu a hankali, ya tsallake juyin mulki da yunwa da yaƙi ba a mai da shi ganimar 'yan siyasa ba. Yau yana da jirage sama da 130. Ƙasar da ba ta da teku, ba ta da man fetur irin namu, ta zama mashigar Afirka ta sama, har mu da za mu je Umara sau da yawa sai mun kwana a filin jirginta.

Na san abin da wani zai ce, domin an faɗa mini a majalisarmu ta bayan isha'i. Wani abokina malamin firamare ya ce, "Malam, ajin da nake koyarwa yara 90 ne a kan tabarma. Mudun gero ya gagari mai albashi. Kai kana maganar jirgin sama?" Ban ga laifinsa ba, kuma tarihi yana bayansa. Indunusiya ta zuba dukiya mai yawa a ƙarƙashin Habibie, injiniyan da ya zama shugaban ƙasa daga baya, ta ƙera jirgin fasinja N250, ya tashi a 1995 ana murna. Da tattalin arzikin Asiya ya girgiza, asusun lamuni na duniya ya sa sharaɗin a daina ba aikin kuɗi, a 1998 aka tsayar. Japan ma, da duk ƙwarewarta, kamfanin Mitsubishi ya yi shekara kusan 15 yana fama da jirgin fasinja, ya haƙura a 2023. Don haka duk wanda ya zo ya ce Najeriya za ta ƙera jirgin fasinjanta nan da shekara biyar, riƙe aljihunka. Ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san kwangila.

Amma tsakanin ƙera jirgi sukutum da zaman ɗan kallo akwai fili mai faɗi, kuma Maroko ta nuna shi. A 2001 aka buɗe wata masana'anta kusa da Kasabalanka, haɗin gwiwar Boeing da wani kamfanin Faransa da kamfanin jirgin saman Maroko, aikinta kawai haɗa damin wayoyin lantarki da ake shimfiɗawa a cikin jirgi. Aiki ne na haƙuri da natsuwa, kamar ɗinkin hular zanna, kuma mata ne da yawa suke yin sa. Da aka ga wayarsu ba ta da kuskure sai wani kamfanin ya zo, sai wani. A 2011 suka buɗe makarantar koyar da sana'o'in jirgi, ba ta masu digiri ba, ta masu aikin hannu. Yau kamfanoni sama da 140 ne, ma'aikata sama da 20,000, kayan da suke fitarwa a shekara ya haura dala biliyan biyu. Ba jirgi ko ɗaya da ake kira ƙirar Maroko, amma da wuya ka hau sabon jirgin fasinja babu aikin hannun ɗan Maroko a cikinsa. Ga amsata ga abokina malamin firamare: waɗannan 20,000 ɗin albashi suke kaiwa gida, kuma yawancinsu sakandare da horon sana'a suka yi.

Yanzu bari in koma gareji, domin a nan gizo yake saƙa. Ogan ya ce inji inji ne, kuma ta wani ɓangare ya yi gaskiya. Basira ba ita ce matsalarmu ba. Na ga mutumin nan ya yanka tsohuwar silifa ya toshe wani wuri, motar ta kai Legas ta dawo. Gwanintarmu ita ce lallaɓawa. Babu kayan? A lallaɓa. Notin bai yi daidai ba? A naɗa masa leda a ɗaure. Talauci ne ya koya mana, kuma da ita muke raye. To ita wannan gwaninta ce aikin jirgin sama ya haramta gaba ɗaya.

Ranar 10 ga Yunin 1990 wani jirgin British Airways ya tashi daga Birmingham zai je Sifaniya. Yana kai ƙafa 17,000 da ɗoriya sai gilashin gaba ya fice, iska ta fizgi kyaftin ɗin ta fitar da rabin jikinsa waje. Ma'aikatan cikin jirgi suka riƙe ƙafafunsa kimanin minti 20, mataimakinsa ya sauke jirgin a Southampton, da ikon Allah mutumin ya rayu. Da aka bincika sai aka gano an canza gilashin kafin tafiyar. Injiniyan da ya yi aikin ƙwararre ne, ya daɗe yana yi. Bai buɗe littafi ya duba lambar notin da ya dace ba, ya ɗauki tsohon ya gwada da ido, ya ga sun yi kama. A cikin notuna 90, guda 84 sun gaza kauri da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Bature ne, a Ingila, ya lallaɓa. Haka a Janairun 2024 wani ɓangaren jikin sabon Boeing 737 ya fice a sama a Amurka, saboda an cire notuna huɗu a masana'anta ba a mayar ba, kuma ba a rubuta an cire ba. Na kawo waɗannan ne don kada wani ya ce halin baƙar fata ne. Halin ɗan Adam ne, kuma duk tsarin aikin jirgi an gina shi ne don ya yi maganinsa.

Shi ya sa a rumfar gyaran jirgi ba a ɗaure noti da jin hannu, akwai sufana mai awo, ita kanta sufanar ana kai ta a gwada ta lokaci-lokaci a ba ta takarda. Kowane ƙarfe yana da lamba da tarihinsa: wa ya ƙera, yaushe, awa nawa ya yi yana aiki, wa ya taɓa shi. In an tashi aiki sai an ƙirga kayan aiki, in sukudireba ɗaya ta ɓace jirgi ba ya motsawa sai an gan ta. Injiniya mai lasisi ya sa hannu, sa hannun nan yana iya kai shi kotu bayan shekara goma. Ƙarfen da ba shi da takarda, ko sabo ne dal, bola ne. A 2023 aka gano wani dillali a Landan yana sayar da kayan inji da takardun jabu, kamfanoni a nahiyoyi daban-daban suka sauke jirage suna farke injuna suna neman kayan. Ba don kayan sun karye ba, don ba wanda zai rantse a kan asalinsu.

Wato hajar da ake sayarwa a wannan kasuwa amana ce da aka rubuta. Mu kuwa mun san amana, da ita kakanninmu suka yi fatauci daga Katsina zuwa Gwanja da Agadas ba tare da banki ba. Amma tamu ta baki ce da sanayya, wane ɗan wane ne, ba ya cin amana. Duniyar yau tana son ta a takarda, da kwanan wata, wanda bai san ubanka ba ya duba ya gamsu. Ƙasar da ta koyi wannan a kan jirgi ba ta tsayawa a jirgi. Yaron da aka horar ba ya rufe aiki sai ya ƙirga sufanunsa, in ya koma asibiti injin iskar numfashi ba zai mutu a hannunsa ba. In ya koma noman rani a Jibiya ko Zoɓe, injin ban ruwa zai yi shekarunsa. Duk wanda ya bi hanyar Lambar Rimi ya ga farfelun nan 37 da aka kafa don su ba da megawat 10, ya san shekarun da suka ɗauka a tsaye kafin a ci moriyarsu. Farfelar iska da fiffiken jirgi ilimi ɗaya ne, kuma abin da ke kashe su ɗaya ne. Har kuɗin inshora da na hayar jirgi da ake tsawwala wa kamfanoninmu, tushensa ke nan: mai jirgi a Turai yana lissafin yadda zai samu jirginsa da takardunsa in lokacin mayarwa ya yi.

Kuma na'ura ba tare da wannan tarbiyya ba masifa ce. A Disamban 2023 jirgi maras matuƙi na soja ya kashe mutum fiye da 80 a Tudun Biri suna Mauludi. Na'urar ta yi abin da aka umarce ta. Ido da tantancewa da tsarin tabbatarwa ne suka gaza, kuma waɗannan ba a shigo da su a kwantena.

Ta fuskar sararin samaniya ma labarin bai bambanta ba, ba sai na daɗe a kai ba. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa a 1999, aka harba tauraron ɗan adam NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumban 2003, har yana cikin waɗanda suka fara aiko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. Na sadarwa da Sin ta ƙera mana a 2007 ya mutu bayan wata 18, aka maye gurbinsa a 2011. A shekarar ce kuma aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila. Mutanen suna nan. Amma manomin Mai'aduwa da ke son sanin yaushe damina za ta zauna, da jami'in da ke son ganin abin da ke motsi a dajin Rugu, har yanzu mafi yawan abin da ke isa gare su daga taurarin wasu yake fitowa.

Me Katsina za ta iya? Fiye da yadda muke zato, in mun rage buri. Muna da filin jirgin da manyan jiragen alhazai ke sauka, wanda in an gama jigila yake yini shiru, ga sarari, ga busasshiyar iska wadda ba ta cin ƙarfe kamar ta bakin teku. Muna da sansanin sojan sama a Katsina da Daura. Muna da Jami'ar Sufuri a Daura da aka aza harsashinta a Disamban 2019, ga kwalejin fasaha ta Hassan Usman, ga Zariya da Kaduna tafiyar 'yan awanni. Ɗan jihar nan yana cikin manyan masu jigilar alhazai a ƙasar. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Jihar da ta ba da shugaban ƙasa sau biyu ta samu gine-gine, wannan gaskiya ne. Abin da ya rage shi ne a zuba sana'a a cikinsu.

Da ni ake shawara, da ba zan nemi kamfanin jirgin jiha ba, kowa ya ga gwamnoni sun fara wannan yayi. Rumfa ɗaya zan nema a gefen filin jirgi, a fara da abin da ba ya ba da hoto mai kyau a jarida: taya, birki, batir, kujeru, rigunan ceto. A samu lasisin hukumar kula da sufurin sama a kan waɗannan, a riƙe shi shekara biyar ba tabo, sannan a nemi na gaba. A ɗauki yara daga kwalejojin fasaha, har da na gareji irin mai tambayar nan waɗanda suka iya karatu, a biya musu Zariya, da sharaɗin su dawo su yi shekaru. Jami'ar Daura kuma ta ɗauki ƙananan jirage marasa matuƙa da gaske, na auna gona da feshi da sa ido a kan burtali da kai magani ƙauye, irin yadda aka fara kai jini da allurai da su a jihar Kaduna a 2022. Sannan gwamnati ta yi abin da Brazil ta yi mu muka kasa bayan Air Beetle: ta saya, ko da na farkon bai kai na Turkiyya ba, ta sake saya, ta dawo da ƙorafi a gyara. Matsalar wuta tana nan, ban manta ba. Masana'antar alminiyam ta Ikot Abasi tana kwance, ta ƙarfe da ke Ajakuta kuwa mun gaji da ambatonta. Amma gyaran birki da taya bai jira Ajakuta ba.

Da na koma garejin bayan mako biyu na ba Ogan labarin notuna 84. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan ba bakanike ba ne, Malam. Ni ko a duhu hannuna zai gaya mini noti bai cika ba." Na ce masa shi ma wancan haka ya yarda da hannunsa. Na tsallaka titi na sayo littafi mai ganye 60 da biro, na ba ƙaramin yaron, na ce duk motar da ta shigo ya rubuta lambarta, da kwanan wata, da abin da aka canza, da wanda ya ɗaure. Ogan ya ce, "To, mun zama asibiti ke nan."

Bayan wata guda na je canza fulogi, na ce a kawo littafin. Shafi uku na farko tsaf, har da layukan da ya zana da bakin sufana. Motata tana ciki, da kwanan wata, da sunan wanda ya yi juyen. Daga shafi na huɗu rubutun ya koma na Oga, kuma sunayen masu bashi ne. Nawa ne na biyu.